Takardun Lafiyar Yaro a Makarantun Amurka: Jagora ga Iyaye, da Misalin New York

Duk wanda ya kawo iyalinsa Amurka, ko ya haifi 'ya'yansa a can, zai tarar cewa saka yaro makarantar gwamnati abu ne mai sauƙi, amma zamansa a cikinta yana rataye da takardun lafiya. Za a karɓi yaro yau, bayan mako biyu a aiko da wasiƙa cewa kada ya sake zuwa sai an kawo shaidar wata allura. Iyaye da yawa sai su tsorata, su ɗauka wani tarko ne na hukuma, wasu ma su fara ɓoye ciwon da yaron yake da shi don gudun kada a kore shi. Wannan ɓoyewar ita ce babbar ɓarna. Takardun nan don yaron aka yi su, kuma dokar da ta ba makaranta damar neman su ita ce ta ba iyaye damar ganin abin da aka rubuta, da gyara shi, da hana a ba wani.

Na ɗauki New York a matsayin misali saboda yawan Hausawan Najeriya, Nijar da Ghana da ke zaune a Bronx da Harlem. Wanda ke wata jiha zai ga tsarin iri ɗaya ne, sai dai ajin da ake neman gwaji da sunan fom ke bambanta.

Mataki na farko: ku san dokar wa ake bi

Hukumomi uku ne ke da hannu. Gwamnatin tarayya ce ke da dokokin sirrin takardu da haƙƙin yara masu lalura. Jiha ce ke faɗin alluran da suka wajaba da ajin da za a duba lafiyar yaro. Hukumar makarantu ta gunduma kuma ita ce ke fitar da fom, ta sa ranar ƙarshe, ta ɗauki nas. Shi ya sa shawarar da ɗan uwa ya ba ku daga Ohio ko Texas za ta iya zama gaskiya a can, amma ba ta aiki a inda kuke.

Ko a cikin New York ɗin akwai bambanci. Birnin New York yana da nasa tsarin, ƙarƙashin wani ofishin lafiyar makarantu da ma'aikatar ilimi da ta lafiya ta birnin ke gudanarwa tare, kuma fom ɗin gwajin lafiyarsa shi ne CH-205. Gundumomin da ke wajen birnin, kamar Yonkers, Buffalo da Albany, suna bin dokar ilimi ta jiha da nata fom. Ranar da kuka je rajista, ku nemi ganin nas ɗin makaranta, ku karɓi jerin abubuwan da ake buƙata a rubuce.

Abu biyu ku riƙe tun daga nan. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1982, a shari'ar da ake kira Plyler da Doe, ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda iyayensa ba su da takardar zama. Sannan iyalin da ke zaune a masaukin marasa gida, ko suke raɓe a gidan wani saboda rashin muhalli, dokar McKinney-Vento ta ce a karɓi ɗansu nan take ko da babu takardun lafiya, makaranta ta taimaka a nemo su daga baya.

Haka kuma kuna da haƙƙin a yi muku bayani da harshen da kuke ji. A birnin New York ana fassara manyan takardu zuwa Faransanci da Larabci, wanda zai taimaki mutanen Nijar, Chadi da Sudan, kuma ana iya kiran tafinta ta waya. Ku nemi mai jin Hausa. Kada ku mai da yaro ɗan shekara goma tafinta a kan maganar ciwonsa ko na ƙanwarsa. Zai ji kunya, ya rage, ko ya faɗi abin da bai gane ba.

Mataki na biyu: katin rigakafi na gida

A nan ne mafi yawan wahala take, don haka zan daɗe a kai.

Ku zo da katin asali, wanda aka rubuta a asibitin da aka yi wa yaron allura, ko da ya tsufa ya yage. Ku ɗauki hotonsa gaba da baya kafin ku miƙa wa kowa. A Amurka ba a karɓar maganar baki. Ko uwa ta rantse an yi allurar, idan babu rana, wata da shekara a rubuce, ana ɗauka ba a yi ba. Idan katin ya ɓata, ku sa wani a gida ya je asibitin ya nemi a duba rajista a rubuto, da hatimi da sa hannu. Idan hakan bai yiwu ba, likita zai sake alluran ko ya auna jini. Kada ku sayi katin bogi, kuma kada ku cika gurbin da babu komai da hannunku. Laifi ne a doka, sannan yaron da aka rubuta masa allurar ƙyanda ta ƙarya shi ne zai kwanta ranar da cutar ta shigo ajinsu.

Sai maganar kwanan wata. A gida muna fara rubuta rana sannan wata. A Amurka wata ake fara rubutawa. Abin da nas a Kano ko Maraɗi ta rubuta 03/09/2018, wato 3 ga Satumba, ma'aikacin asibiti a Bronx zai karanta shi 9 ga Maris. Wannan juyin kaɗai yana iya sa kwamfuta ta nuna an yi allurar kafin lokacinta, ko ma kafin a haifi yaron. Ku zauna da wanda ke shigar da bayanan, ku gaya masa yadda aka rubuta, ku kuma duba takardar da ya buga kafin ku tashi. Katin Nijar da Faransanci yake: VPO ɗigon shan inna ne, VPI allurarta, VAR ta ƙyanda, VAA ta shawara.

Ko katin ya cika tsaf, kusan kowane yaro da ya zo daga gida sai an ƙara masa allura. Ba raina asibitocinmu ba ne. Jadawalin ne ya bambanta, kuma ga inda bambancin yake.

A gida ana yin allurar ƙyanda a wata 9. Amurka ba ta ƙirga wadda aka yi kafin yaro ya cika shekara ɗaya, kuma abin da take nema shi ne MMR, wadda ta haɗa ƙyanda, hangum da rubela, sau biyu, da tazarar kwana 28 aƙalla.

Shan inna ta fi ba iyaye mamaki, domin yaran arewacin Najeriya sun sha ɗigon nan sosai. A watan Afrilun 2016 duniya ta daina amfani da ɗigon da ke kare nau'i uku na ƙwayar cutar, ta koma mai nau'i biyu. Saboda haka CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ce duk ɗigon da aka ba yaro daga 1 ga Afrilu 2016 zuwa yau ba a lissafa shi. Allurar shan inna, wato IPV, kaɗai ake ƙirgawa. Yaron da aka haifa a 2018, wanda ya sha ɗigo ba iyaka amma IPV ɗaya ke katinsa, a lissafin makaranta ɗaya yake da ita. New York tana neman huɗu, ko uku idan ta ƙarshen an yi ta bayan ya cika shekara 4.

Ta ciwon hanta nau'in B tana cikin Penta, allurar da ta haɗa rigakafi biyar, da ake yi a mako 6, 10 da 14. A Amurka allurar ƙarshe ba ta ƙirguwa sai yaro ya kai mako 24, don haka yawanci ana ƙara ɗaya. Ta ƙarambau kuwa ba ta cikin jadawalin gwamnati a Najeriya da Nijar, ga shi ana neman ta sau biyu. Idan yaron ya taɓa yin ƙarambau, faɗar iyaye ba ta isa a New York. Sai likita ya tabbatar a rubuce, ko gwajin jini ya nuna. Ta sanƙarau da aka yi a gida, MenAfriVac, nau'in A kaɗai take karewa. Makaranta tana neman MenACWY, mai kare nau'i huɗu, a aji 7, da ƙari a aji 12, sai dai in ta farkon an yi ta bayan shekara 16. A aji 6 kuma akwai Tdap, ƙari kan mashaƙo, tarin shiƙa da sarƙewar haƙora. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 da ke gidan raino ko ajin share fage a birnin New York ana neman su yi ta mura kowace shekara kafin ƙarshen Disamba.

Gwajin jini zai iya tsayawa a madadin allurar ƙyanda, hangum, rubela, ƙarambau da ciwon hanta. Na shan inna kuwa New York ta daina karɓar wanda aka yi daga Satumban 2019.

Dokar jiha ta ba da kwana 14 daga ranar shiga makaranta a kawo shaida. Wanda ya zo daga wata jiha ko wata ƙasa, kuma ana ganin yana ƙoƙari, ana iya ƙara masa zuwa kwana 30. Ba wai sai an gama dukkan alluran a cikin wannan lokacin ba, hakan ma ba zai yiwu ba. Abin da ake so shi ne yaro ya karɓi ta farko a kowane jeri, likita ya rubuta ranakun sauran, ku kuma cika alƙawarin ranakun. Wanda ya tsallake rana shi ake mayarwa gida.

Ku tabbatar likitan ya shigar da komai, har da na gida, a rajistar rigakafi. Ta birnin ana kiranta CIR, ta sauran jihar NYSIIS. Da zarar sun shiga, ko kun sauya makaranta ko likita, bayanan suna nan.

Na san akwai masu tambaya kan addini. New York ta soke uzurin addini kan rigakafin makaranta a watan Yunin 2019, bayan ɓarkewar ƙyanda a Brooklyn da Rockland. California, Maine da Connecticut su ma sun rufe wannan ƙofar. Abin da ya rage shi ne uzurin rashin lafiya, wanda likita mai lasisin jihar zai sa wa hannu, a kuma sabunta shi kowace shekara. Dokar ta shafi makarantu masu zaman kansu, har da na Islamiyya na cikakken lokaci. Game da jelatin na alade da ke cikin wasu allurai, malamai sun zauna a Kuwait a 1995 ƙarƙashin ƙungiyar Musulunci ta kimiyyar likitanci, suka yi fatawar cewa ya sauya daga asalinsa, ya halatta. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba zai iya tambayar likita ko yana da Priorix, wata MMR da ba ta da jelatin, wadda aka amince da ita a Amurka a 2022.

Mataki na uku: gwajin lafiya wurin likita

A birnin New York, duk yaron da zai shiga makaranta karon farko sai an yi masa cikakken gwaji an cika CH-205. A wajen birnin ana nema daga sabon shiga, sannan a ajin share fage ko kindagatin, da aji 1, 3, 5, 7, 9 da 11. Gwajin kada ya wuce wata 12 kafin fara shekarar karatu, kuma a miƙa shi cikin kwana 30. Idan ba a kawo ba, makaranta za ta aiko da sanarwa, in an ƙara kwana 30 babu amsa, likitan gunduma zai duba yaron a makaranta. Ni dai ina ganin gara ku kai shi wurin likitanku, inda za ku zauna a ɗakin, ku yi tambaya, ku ji amsa. Takardar gwajin da aka yo daga gida ku zo da ita don likita ya gani, amma kada ku dogara cewa makaranta za ta karɓe ta.

Kuɗi kada ya hana ku. Inshorar Child Health Plus tana ɗaukar yara 'yan ƙasa da shekara 19 a New York ba tare da duba takardar zama ba, shirin tarayya na Vaccines for Children kuma yana ba da allurai kyauta ga marasa inshora da masu Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi. A birnin, kiran 311 zai nuna muku asibiti mafi kusa. Ku nemi rana tun watan Mayu ko Yuni. A Agusta kowa yake tashi, layi ya yi tsawo.

Za a auna tsawo, nauyi da bugun jini, a saurari zuciya da huhu, a duba ido, kunne, haƙora, baya da fata, a kuma duba alamun balaga. Wannan na ƙarshen yana buƙatar cire tufa na ɗan lokaci. Tun kuna neman rana ku ce likita mace kuke so ga 'yarku, ko namiji ga ɗanku. Buƙata ce da suka saba ji. Idan yaro ya fara girma, likita zai nemi ku ba su wuri na 'yan mintuna. Haka ake yi wa kowa, ba zargi ba ne.

Ku faɗa wa likita komai. Idan yaron yana da tsagar gado, ko tabon ƙaho, ko sakiya, ko wanzami ya cire masa beli, ku nuna a rubuta a fayil tun ranar farko, da bayanin lokacin da aka yi. Malamai, nas da likitoci doka ta wajabta musu kai rahoto idan suka ga abin da ya yi kama da cin zarafin yaro. Tabon da aka rubuta asalinsa tun farko ba ya jawo tambaya daga baya.

Ku ambaci allurar BCG ta tarin fuka, mai barin tabo a dantse. Tana iya sa gwajin tarin fuka na fata ya kumbura alhali yaro lafiyarsa ƙalau. Gwajin jini da ake kira IGRA ba ya ruɗewa da ita, shi za ku nema. Kowanne za a yi, a yi shi rana ɗaya da MMR, ko a jira mako huɗu bayanta.

Sai dalma. New York tana auna jinin kowane yaro a shekara 1 da shekara 2, kuma wanda ya zo daga waje yana ƙarami ya kamata a auna shi. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne kwalli na dutse da ake zizara wa jarirai yana iya ƙunsar dalma mai yawa. A 2012 CDC ta fitar da rahoton wani jariri a Boston da ya kamu da gubar ta kwallin da aka kawo daga Najeriya. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa a hankali ba tare da alama ba, sai yaro ya fara kasa karatu ake lura. Idan kuna sa wa yara kwalli, ku faɗa, a auna, ku kuma daina.

Kafin ku bar asibiti ku duba fom ɗin: sunan yaro kamar yadda yake a makaranta, ranar haihuwa, sa hannun likita, hatimi. Ku yi kwafi biyu.

Mataki na huɗu: gwaje-gwajen da ake yi a makaranta

Waɗannan gajeru ne, na tantancewa kawai. A gundumomin wajen birnin ana duba ido da ji ga sabon shiga da 'yan kindagatin da aji 1, 3, 5, 7 da 11. Ana duba karkacewar ƙashin baya ga 'yan mata a aji 5 da 7, maza a aji 9. Idan likitanku ya riga ya yi ya rubuta a fom, ba sai an sake ba, kuma wannan ce hanya mafi sauƙi ga wanda ba ya son a ɗaga rigar 'yarsa a makaranta. Dokar jiha ta kuma ba da damar ƙin waɗannan gwaje-gwaje a rubuce saboda addini, saɓanin rigakafi.

Ina roƙon ku kada ku ƙi na ido da na kunne. Yaron da ya zo sabon zuwa, idan ba ya gane karatu, kowa zai ce rashin Turanci ne. Ana iya shekara biyu ana faɗin haka alhali allo ne ba ya gani, ko kunnensa ɗaya ya toshe tun wani zazzaɓi da ya yi yana ƙarami. Idan takarda ta zo cewa bai tsallake gwajin ba, ba ta ce yana da ciwo ba. Cewa ta yi a kai shi wurin ƙwararre. Ku kai shi, likitan ya cika gurbin da ke ƙasan takardar, ku mayar wa nas.

Dokar tarayya mai suna PPRA ta ce duk gwajin da ya shafi buɗe al'aura ko shigar da wani abu a jiki, wanda makaranta ta tsara kuma ba na gaggawa ba ne, sai an sanar da iyaye tun da wuri an ba su damar ƙi. Ba ta shafi gwajin ido, ji da baya ba, ko wanda dokar jiha ta tanada.

Mataki na biyar: yaro mai ciwo da ke shan magani

Nas ba ta da ikon ba yaro ko da maganin ciwon kai sai da umarnin likita a rubuce da izinin iyaye. A birnin New York fom ɗin shi ne MAF, akwai na asma, na ciwon suga, na farfaɗiya da na abincin da jiki ba ya karɓa. Ana sabunta shi kowace shekarar karatu. Babba ne zai kai maganin da kansa, a cikin kwalinsa na kantin magani mai ɗauke da sunan yaron. Kada a zuba ƙwayoyi a leda a sa a jaka, kada kuma a haɗa yaro da jiƙo ko garin magani na gida. A wasu makarantun hakan kaɗai yana jawo hukunci. Yaro zai iya riƙe abin shaƙar asma a aljihunsa idan likita ya rubuta cewa ya iya amfani da shi.

Bari in tsaya kan sikila da farfaɗiya, domin su ne aka fi ɓoyewa. Ana tunanin aure, ana tunanin abin da mutane za su ce. Amma malamin da bai san yarinya tana da sikila ba zai hana ta fita shan ruwa, ya sa ta gudu cikin sanyin Janairu, ya rubuta mata fashi duk ranar da ciwo ya kwantar da ita. Sashe na 504 na dokar tarayya ta 1973 ya ba irin wannan yarinya haƙƙin tsari a rubuce: gorar ruwa a aji, fita bayi ba tare da jira ba, hutu a lokacin motsa jiki, kiran iyaye nan take idan zazzaɓi ya tashi, ƙarin lokaci kan aikin da ta rasa. Ku nema a rubuce, ku halarci zaman, ku karanta kafin ku sa hannu. Yaran da aka haifa a Amurka ana yi musu gwajin sikila tun suna jarirai. Waɗanda aka haifa a gida, da yawa ba a taɓa gwada su ba, don haka ku nemi a yi.

Idan azumi ya gabato kuma yaron yana shan magani da rana, ku je wurin likita tun cikin Sha'aban. Shi ne zai iya sauya lokacin a rubuce. Nas ba za ta sauya da kanta ba.

Mai son wasan ƙwallo ko tsere yana buƙatar gwajin wasanni, wanda ke aiki na wata 12. Za a tambayi ko wani a dangi ya taɓa mutuwar fuju'a yana matashi, ko yaron ya taɓa suma yana gudu. Ku amsa da gaskiya, ciwon zuciya ake nema.

Katin lambobin gaggawa kuma, wanda a birnin ake kira shuɗin kati, ku sa mutanen da za su ɗauki waya da rana. Mai tuƙin tasi ko mai aikin dare ya ƙara sunan maƙwabci amintacce. Makaranta ba ta miƙa yaro ga wanda sunansa ba ya kai.

Mataki na shida: fayil ɗin da ke makaranta

Duk abin da kuka miƙa, da duk abin da nas ta rubuta, yana shiga fayil ɗin yaro. Dokar FERPA ta 1974 ce ke kula da shi, ba HIPAA ta 1996 da ke kula da fayil ɗin asibiti ba. Ga abin da ta ba ku.

Kuna iya neman ganin fayil ɗin, kuma dole a nuna muku cikin kwana 45. Ku rubuta buƙatar, ku sa kwanan wata, ku riƙe kwafi. Idan kun ga kuskure, kamar ranar allura da aka juya ko ciwon da yaron ba shi da shi, ku nemi gyara a rubuce. Idan aka ƙi, kuna da haƙƙin a saurare ku a zama na musamman, in kuma aka ƙi bayan haka, kuna iya sa bayaninku a cikin fayil ɗin ya riƙa bin sa duk inda ya je. Wanda aka tauye wa haƙƙi zai iya kai ƙara ma'aikatar ilimi ta tarayya cikin kwana 180.

Makaranta ba ta ba wani bayanin ba da izininku a rubuce ba, sai a wurare ƙalilan: ma'aikatanta da aikinsu ya buƙaci su sani, sabuwar makarantar da yaron zai koma, umarnin kotu, da halin gaggawa na ceton rai. Kuna iya zama da nas ku tambaye ta wane malami za a gaya wa, kuma me za a gaya masa. Akwai kuma bayanan da ake iya fitarwa ba tare da tambaya ba, kamar suna, aji da hoto. A farkon shekara ana aiko da takardar da za ku cika idan ba ku yarda ba. Tana cikin tarin takardun makon farko, ku neme ta.

Uwa da uba duk suna da wannan haƙƙi ko sun rabu, sai in kotu ta hana. Kawu, goggo ko yaya da ke riƙon yaro su nemi takardar wakilci daga iyayensa, domin asibiti zai tambaya kafin ya yi allura. Ranar da yaro ya cika shekara 18, haƙƙin ya koma hannunsa.

Wasu makarantun suna da ƙaramin asibiti a ciki wanda wani babban asibiti ke gudanarwa. Sai kun sa hannu ake yi wa yaro rajista, kuma fayil ɗinsa daban yake da na nas. Yana da amfani ƙwarai, don ana yin gwaji da allura a nan ba tare da kun bar aiki ba. Amma ku karanta fom ɗin da kyau, ku kuma sani cewa dokar New York ta ba matasa damar neman wasu ayyukan lafiya da kansu a sirrance, kamar na lafiyar haihuwa. Gara ku ji wannan daga yanzu, ku yi magana da 'ya'yanku a gida.

Mataki na bakwai: tafiya gida da sauya makaranta

Idan za ku je gida hutun bazara, ku ga likita wata ɗaya ko fiye kafin tafiya don maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da allurar shawara. Yaran da suka tashi a Amurka ba su da juriyar da iyayensu suka taso da ita. Duk allurar da aka yi a can a rubuta ta da rana, wata da sunan allurar, ku kawo a shigar a rajista. Yaron da ya yi zazzaɓi bayan dawowa, ku gaya wa likita ƙasar da ya je tun kafin ya tambaya.

Masu tura yaro gida karatun Alƙur'ani ko sakandare na 'yan shekaru, ku karɓi kwafin fayil ɗinsa da bugun rajistar rigakafi kafin ya tafi. Idan ya dawo za a duba shi da ma'aunin ajin da zai shiga, watau mai komawa aji 7 za a nemi Tdap da MenACWY ko da ya cika komai lokacin da ya tafi. Haka idan kuna ƙaura zuwa wata jiha: rajistar New York ba ta bin ku kai tsaye, don haka ku buga ta a takarda, ku haɗa da kwafin gwajin ƙarshe, da tsarin 504 idan akwai, da fom ɗin magani, ku miƙa wa nas ɗin sabuwar makaranta a ranar rajista.